Kalmar da ta Rage Masa

Talata, 2 ga Disamba

Dusar ƙanƙara ta fara sauka da safe, kafin rana ta yi tsaka ta narke ta zama taɓo. Manaja ya shigo da laka har bakin kicin, na kore shi da tsintsiya. Ni ban saba zama da kare ba. Karen kasuwa ne, tun yana ɗan kwikwiyo yake kwana ƙarƙashin teburin dankalin mijina, Baban Auta, abokansa suka sa masa Manaja don ba ya aikin komai sai kwanciya da kallon masu aiki. Ranar da aka sallamo maigidan daga asibiti ya zo ya kwanta a ƙofarmu, ya ƙi komawa.

Jikin maigidan da sauƙi. Ƙafar dama yana janta, da sanda yana zagaya tsakar gida. Hannun ne bai dawo ba. Sai maganar.

Zan rubuta a nan tunda ba mai karantawa. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, kuma zagi ce. Shege. Ita ce ina kwana, ita ce ba ni ruwa, ita ce na gode. Mutumin da tun aurenmu ban taɓa jin ashar a bakinsa ba, wanda in rigima ta tashi a kasuwa shi ake kira ya raba. Likita ya ce haka ciwon shanyewar ɓarin jiki yake yi wa wasu. To, wasu. Ni dai nawa ne.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na hau bas na tafi kasuwar ƙetaren gada. Da muka zo wucewa ta gaban kasuwarmu na sunkuya kamar ina gyara takalmi. Kabejin can duk ya yi yaushi, ga iska mai yanka kunne a tasha.

Auta ta dawo daga makaranta ta leƙa jaka. "Mama, dankalinmu yana can Baffa na sayarwa, ke kuma kina hawa mota ki sayo na wasu?" Na ce ta je ta cire rigar makaranta.

Baffan nasu, ƙanen maigidan, shi ke riƙe da rumfar yanzu. Na ce masa duk wanda ya tambaya ya ce likita ya hana zuwa dubiya. Likita bai hana ba.

Asabar, 6 ga Disamba

Ruwa tun safe, wanki ya ƙi bushewa. In ya faɗi kalmar tasa, na fara gane bambancin wadda yake nufin shayi da wadda yake nufin banɗaki. Ban san me ya sa hakan ya ba ni haushi ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Manaja ya tsere. Na tabbata ta ƙasan ƙyaure yake fita. Da yamma sai ga ƙwanƙwasa, na buɗe na ga Mai Kifi, wadda rumfarta ke jikin tamu, ta ɗaure shi da igiyar buhu, ruwa mai haɗe da ƙanƙara yana dukan fuskarta. Ta ce ta same shi kwance ƙarƙashin teburin kamar da.

"Maman Auta, yaya mai jiki? Ko daga nesa ne in gan shi in ce masa sannu."

Na ce yana barci. Na riƙe ƙofar da gwiwata yadda ba za ta hango falo ba, inda yake zaune ido biyu. Ina tsoron kada ya ji muryarta ya amsa. Ta miƙo mini ƙunshin kifi ta ce a yi masa romo, yana son mai yaji. Na karɓa. Ko shigo ki ɗumama hannu ban ce mata ba. Matar da ta kwana da ni a asibiti lokacin haihuwar Auta.

Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana. Takalminta ɗaya ya ɓalle ta baya, tana tafe yana kaɗawa kamar mai tafi.

Ya shanye romon tas. Ya san na waye, ya dube ni, ya dubi ƙofa.

Lahadi, 14 ga Disamba

Sanyi ya ƙaru, ruwan kwanon kare ya daskare. Auta ta shimfiɗa masa tsohon bargo a lungun ƙofar shigowa, ta ciki. Na ce kwana ɗaya kawai.

Babba, ɗanmu na fari, ya kira daga hanya, yana can da babbar motarsa ƙanƙara ta tsare su. Na kara wa ubansa waya a kunne. Ya faɗi kalmar a hankali, da laushi, yadda ake kiran sunan yaro. Na ji Babba ya yi dariya, daga nan muryarsa ta karye ya ce sabis ba kyau.

Atisayen tafiya a bayan gida muke yi, inda katanga ta fi tsawo. Abin da na lura, karen kullum ta gefen ƙafar da ta shanye yake bi. Ba wanda ya koya masa.

Juma'a, 19 ga Disamba

Ba na son rubuta na yau, amma in ban rubuta ba ba zan iya ɗinki ba.

Shugabar makarantar su Auta ta kawo kwat a rage mata kafaɗa. Mace mai tsari, irin wadda in ta shigo gidanka sai ka fara ganin ƙurar da ke kan taga. Na kai ta ɗakin keken ɗinki, na ja ƙofa. Ina tsaka da sa fil sai Manaja ya ture kofin shayin maigidan a falo. Sai kawai muka ji, da ƙarfi, sau biyu.

Ta ɗaga gira. Na ce talabijin ne. Na fita da fil a bakina.

Yana nuna mini kofin a ƙasa, yana ƙoƙarin gaya mini ba shi ya zubar ba. Ya buɗe baki zai sake. Na sa tafin hannuna na toshe masa baki. Na danna sosai, har na ji haƙoransa. Na ce, "Yi mini shiru, don Allah ka rufa mini asiri." Na ɗaga shi na kai shi ɗakin kwana, ba sanda ba komai, na zaunar da shi bakin gado na rufe ƙofa.

Na koma na gama awo, muka yi hira kan tsadar gawayi, har da dariya. Ta ce Auta yarinyar kirki ce, an ga tarbiyyar gida.

Da ta tafi na buɗe ɗakin. Yana nan yadda na ajiye shi, a ɗakin da ba hita mai ɗumama shi, silifas ɗaya a ƙafa. Bai dube ni ba.

Asabar, 20 ga Disamba

Bai ce komai ba yau.

Talata, 23 ga Disamba

Har yanzu shiru. In yana son abu sai ya nuna da haɓa. Rabin abincinsa yana zuwa wa kare ta ƙarƙashin kujera, yana tsammanin ban gani. Auta ta yi ta tsokanarsa, ta ɓoye masa hula, ta sa masa safa daban-daban. Da can da tuni ya sakar mata kalmar tana dariya. Ya yi murmushi da rabin baki kawai.

Ta tambaye ni, "Wani abu ya faru ne ranar Juma'a?" Na ce sanyi ne, kowa ma ya yi laushi.

Gidan ya yi tsit yadda na yi ta roƙo. Ina jin kowane ɗigon famfo.

Talata, 30 ga Disamba

Mun je asibiti a tasi wajen malamar da ke koya masa magana. Ta nuna masa hotuna, ta yi masa waƙa, ko uffan. Ta ce baya ya koma. Ta ce ko wane sauti ne ya fito riba ce, ko zagi ne, don ta nan sauran suke biyowa. Sai ta tambaya, "Yana ganin mutane kuwa? Abokansa na zuwa?"

Na ce, "Sosai. Kullum gidan cike."

Auta na tsaye a bayan kujerarsa. Ba ta ƙaryata ni ba, ta dai tsura wa bango ido. A tasi ma ba ta yi mini magana ba, sai da muka sauka ta ce, "Da wa gidan yake cika, Mama? Da Manaja?"

Asabar, 3 ga Janairu

Guguwa. Wuta ta ɗauke tun hantsi, famfo ya daskare, muka tattaru a kicin kusa da murhu, har da karen. Warin jiƙaƙƙen gashi ya cika wurin, ban kore shi ba don ƙafar maigidan a kan bayansa take.

Da Auta ta fita ɗebo ƙanƙara a bokiti mu narkar, na matsa kusa da shi. Na ce, "Baban Auta, ka yi haƙuri." Yana kallon taga. Na ce, "To ka faɗa mana. Ba kowa." Shiru. Sai na faɗa masa ita da bakina, ni uwar 'ya'ya, a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. Har sau nawa. Kare ne kaɗai ya ɗaga kunne.

Laraba, 7 ga Janairu

Manaja ya sake tserewa, ya dawo da kansa da ƙashi a baki. Maigidan ya karɓi ƙashin yana jujjuya shi, ya daɗe. Yankan Mahauci ne, na kasuwarmu, ko ni na gane.

Alhamis, 15 ga Janairu



Daren jiya an yi ruwa, da asuba ya daskare, titi ya zama kamar gilashi. Duk da haka na tafi kasuwar ƙetaren gada, don ba albasa a gidan. Na bar shi a falo da bargo da shayi, Auta na makaranta. Bas ɗin dawowa ya ƙi zuwa, aka ce wata mota ta juye a kan gadar. Na tsaya a tasha har yatsun ƙafata suka mutu.

Na iso na tarar da ƙyaure a buɗe. Ba shi, ba kare, ba sanda. Kwat ɗinsa ba ya jikin ƙusa, amma takalmansa na nan, don ba ya iya ɗaure su da hannu ɗaya. Da silifas ya fita. A kan wannan santsin.

Na yar da jakar a tsakar gida, albasa ta watse. Na bi lungun baya, na leƙa kwata, na leƙa bayan shagon mai gyaran keke. Ina son in ƙwalla kiransa amma na ji kunyar maƙwabta su ji. Har a lokacin. Allah ya gani, har a lokacin abin da na fara tunawa ke nan. Na zame a gaban kantin magani na faɗi zaune, wani mutum ya ɗaga ni, ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Na ce mijina. Ya ce dogo mai sanda da kare? Ai ya gan su sun nufi kasuwa, suna tafiya kamar masu taka ƙwai.

Na san can ne tun farko. Ƙafata ce ta ƙi.

Tun daga bakin layin 'yan kayan lambu na jiyo ta. Da ƙarfi, da muryarsa ta da, wadda yake kiran masu saye da ita. Sai dariyar maza ta biyo baya.

Na laɓe bayan tulin buhuna ina leƙe. Sun zaunar da shi kan akwatin katako a rumfarsa, kaskon gawayi a gabansa, an naɗe masa ƙafafu da buhu. Wandonsa ya yage a gwiwa, an ɗaure wurin da tsumma mai tsabta. Daga baya Baffa ya ce a ƙofar kasuwa maigidan ya faɗi, kare ya yi ta haushi har Mahauci ya fito ya ɗauko shi a baro. Maɓallan kwat ɗin duk a karkace. Miyau a haɓarsa, ba wanda ya damu.

Mahauci yana cewa, "Dogo, ƙanenka nan ya lalata maka rumfa, dubi yadda ya jera dankali kamar kabari."

Ya nuna Baffa da sanda ya ce, "Shege!"

"Ka ji ko? Ni ma abin da na ce ke nan." Suka sake fashewa. Wani tsoho mai sayar da ƙwai yana dariya yana share ido da hula.

Mai Kifi ce ta hango ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta zo ta kama hannuna ta ce, "Zo ki ji ɗumi, kin jiƙe." Na fara cewa likita ne ya... Ta ce, "Bari, Maman Auta. Baffa ya gaya mana batun kalmar tun makon farko. Mun ce in kin shirya za ki buɗe."

Ta ja ni har gaban kaskon. Yana tsakiyar dariya ya ɗago ya gan ni. Dariyar ta tsaya. Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya rufe bakinsa da shi. Ya bar shi a wurin yana kallona.

Mutanen suka dube shi, suka dube ni. Ba su san dalili ba, amma ba yara ba ne.

Ban san abin da na yi ba. Ina jin na durƙusa a cikin taɓon na janye hannun, ya mayar, na sake janyewa na riƙe. Mahauci ya juya yana gyara wuƙaƙensa da ba su buƙatar gyara. Wani ya kawo shayi. A motar kayan Baffa muka dawo, kare a baya cikin buhuna.

Juma'a, 16 ga Janairu

Zazzaɓi da tari. Gwiwar ta kumbura amma ba karaya. Na kama mita, na ce ga abin da fita cikin sanyi ta jawo, da ya faɗi a lungu ba kowa fa? Auta na matse tsumma a ruwan ɗumi, ta ce, "Da an kai shi ai da bai tafi shi kaɗai ba." Na ɗaga hannu kamar zan mare ta. Ta tsaya tana jira. Na sauke.

Baffa ya ba ta labarin yadda ubanta ya rufe bakinsa da hannu da ya gan ni. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ta sani, na san ta sani. Da yamma ta dafa mini shayi ta ajiye a kan keke ba tare da ta ce ga shi ba.

Lahadi, 18 ga Janairu

Zazzaɓin ya sauka. Mai Kifi da Mahauci sun zo. Na buɗe ƙofa duka. Falon ba a share ba, wanki rataye a kan kujeru, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mahauci ya zauna kan rigar barcina bai ma lura ba. Da su ya yi magana, sau uku ko huɗu. In na shigo da tire sai ya yi shiru.

Na koma kicin na daɗe ina wanke kofi ɗaya.

Laraba, 21 ga Janairu

Kullum da safe yanzu sai ya sa kwat ya tsaya a bakin ƙofa, kare a gefensa, takalman a gabansa. Ba ya roƙo, tsayuwa kawai yake. Jiya na ce akwai santsi. Yau na ce akwai iska.

Juma'a, 23 ga Janairu

Na ɗaure masa takalman. In ban kai shi ba zai sake fita ne ya karye, ni ce da jinya, shi ke nan dalilin.

Tafiyar ba ta ƙarewa. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya tsaya gaisuwa, ni ce mai amsawa, fuskata kamar an hura mata wuta. A gaban gidan burodi wata mata da ban sani ba ta bi shi da kallo tun daga ƙafa har baki. Na so in saki hannunsa. Ban saki ba, amma na so, gara in rubuta gaskiya.

Na zaunar da shi a rumfa na ce zan je neman zare. Na zagaya kasuwar sau biyu ban sayi komai ba. Kabejinsu ya fi na ƙetaren gada nesa ba kusa ba. Da na dawo yana zaɓar wa wata tsohuwa dankali da hannun hagu, yana jefar da ruɓaɓɓu, kowanne da sunansa. Tsohuwar tana cewa, "Gaskiyarka, ɗana, wannan kam shi ne." Ya gan ni, ya ɗan tsaya. Na kau da kai ina duba albasa. Can sai na ji ya ci gaba, ƙasa-ƙasa.

Litinin, 26 ga Janairu

Akwatin da yake zama a kai yana da ƙusa, ta yaga masa wando, kuma katakon sanyi gare shi. Ni ce mai faci, don haka na ɗinka masa kushin da ragowar yadin labule, na cusa masa tsummoki. Auta ta shigo ta ga biyu a kan keke, ta ce, "Ɗayan fa, na Manaja ne?" Na ce yadin ne ya yi yawa, ba a zubar da yadi.

Rediyo ya ce gobe za a yi dusar ƙanƙara har gwiwa. Sai mu fita da wuri kafin ta taru. Mai Kifi ta ce in ina son wurin zama, akwai wani akwatin a bayan rumfarta, ba ya da ƙusa.